Muryar Ƙasa

Litinin, bayan an tashi daga makaranta

Gidan rediyo sun kira. 'Yan matana sun kai zagayen ƙarshe na gasar waƙar makarantu, za a ɗauki muryarsu ƙarshen wata a saka a shirin Asabar da yamma. Yaran suka cika ɗakin kiɗa da ihu har malamin lissafi ya leƙo daga ajin kusa yana tambaya ko gobara ce. Ni ma na yi murna, sai dai murnar ba ta cika ba, don mutumin da ya kamata in fara kira ba ya ɗaukar waya yanzu.

Waƙar mai jiran kwalekwale za mu yi, da tsarin Yaya. Waƙar ta girmi kakanninmu, ba wanda ya san wanda ya yi ta, kuma asalinta murya ɗaya ce tal. Yaya ne ya zauna, tun ina 'yar makaranta, ya ɗora mata murya ta biyu daga ƙasa, ya rubuta a takardar kiɗa, wani kamfanin buga littattafan kiɗa ya saya ya buga. Ban da mu, ban san wata makaranta da ta taɓa rera ta ba.

Matar da ta kira ta ce in turo musu lasisin waƙar. Na ce ai waƙar kowa ce. Ta ce waƙar dai ta kowa ce, amma tsarin yana da mai shi. Na yi dariya na ce yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Ta ce to abin ya zo da sauƙi ke nan.

Litinin ɗin dai, da magariba

Na je asibiti. Yaya yana nan yadda yake. Na faɗa masa a kunne. Anti, matarsa, ta ce ya ji, wai ta ga girarsa ta motsa. Anti tana ganin abubuwa da yawa kwanakin nan, ni kuma ba na musu da ita.

Laraba, lokacin tara

Ashe kamfanin da ya buga littafin ya daɗe da mutuwa, wani babba ya haɗiye shi da duk abin da ke cikinsa. Na samu lambar babban. Na kira, na'ura ta amsa ta ce in jira, ta sako mini kiɗa. Kiɗan ma ba daɗi. Ina riƙe da waya a kunne har aka kaɗa ƙararrawa, na shiga aji ban karya ba.

Alhamis, da azahar

Yau na samu mutum mai rai. Saurayi ne daga jin muryarsa, mai ladabi, irin ladabin da ke hana ka yi wa mutum masifa ko kana so. Ya tambaye ni ko mai tsarin yana kusa. Ban san abin da ya hau kaina ba, na zazzage masa komai: ranar Talatar nan da ya faɗi, da yadda aka same shi a banɗaki, da gadon da yake kai. Ban faɗa wa shugabar makarantarmu rabin wannan ba, sai ga ni ina faɗa wa baƙon da ban san fuskarsa ba. Ya ce Allah ya ba shi lafiya. Ya ce zai nemo yarjejeniyar ya kira ni.

Asabar, da la'asar sakaliya

Ina so in rubuta wannan yadda yake, don wata rana zan ce mafarki na yi.

Duk mako Yaya yana can wani wuri. Idonsa a buɗe ko a rufe duk ɗaya ne. Amma yau da Anti ta ɗauko ɗan rediyonsa, wanda aka ɗaure murfin batirinsa da kyauro, ta ajiye kusa da filo, kiɗan buɗe shirin yana tashi sai ga Yayana ya dawo. Idon ya tsaya wuri ɗaya. Ɗan yatsansa na hagu ya fara bugun zanin gado, daidai, bai kuskure ko sau ɗaya ba. Da wata makaranta ta ja waƙa ta yi mata nauyi sai ya yamutsa gefen bakin da ke motsi. Na san abin da zai ce da yana iya cewa.

Shekara da shekaru bai taɓa fashin wannan shiri ba, kuma bai taɓa yabon kowa a cikinsa ba. Kullum maganarsa ɗaya: “Ranar da aka saka tawa, ku zo ku ji yadda ake waƙa.” Mu kuma mu yi masa dariya.

Ana rufe shirin ya koma inda ya fito. Anti ta ce haka ya yi wancan makon ma. Rabin awa ke nan a mako, ita ce kawai tamu.

Litinin, da safe

Tun makon jiya na ɗauki yara a wayata suna rera ta da muryoyi biyu, na kai masa jiya, na kara masa a kunne. Ko gezau. Dama bai taɓa ɗaukar sautin waya a bakin komai ba, cewa yake kamar sauro ya shiga gwangwani.

Na roƙi babbar nas ta bar ni in kawo yaran, ko kaɗan daga cikinsu. Ta nuna mini sauran gadajen da haɓa. Shugaba ma ta ce ba za ta fitar da 'ya'yan mutane zuwa ɗakin marasa lafiya ba. Kowa yana da gaskiyarsa, abin da ke ba ni haushi ke nan.

Talata, bayan azahar

Saurayin kamfani ya kira. Ya ce lasisin makaranta ba wani abu ba ne, a yini ɗaya suke bayarwa. Ya ce amma akwai sharaɗi a wannan yarjejeniyar, ya karanto mini: ba a watsa tsarin a rediyo ko talabijin sai mai tsarin ya sa hannu da kansa, kowane karo.

Na ce wane irin mugun kamfani ne zai rubuta haka?

Ya ce, “Malama, ba mu muka saka ba. Da biro aka ƙara a gefe. Shi ya nema.”

Sai na tuna. Ranar da ya dawo daga sa hannun, yana tsaye a ƙofar kicin yana cika baki, Inna tana raye lokacin. “Ba zan bari wasu masu muryar kwaɗi su kashe mini waƙa a gaban duniya ba. Sai na ji su da kunnena tukuna.” Inna ta ce to mai waƙa, a matsa a ba ta hanya.

Kai Yaya. Taurin kan nan naka bai bar kowa ba, har kai.

Laraba, da magariba

Mun gwada. Anti ta ɗaga shi, na sa masa biro a hannun hagu, na riƙe takardar a kan faranti. Biron ya zame ya ja layi har ya sauka daga takardar ya hau zanin gado. Nas za ta yi faɗa gobe.

Alhamis, lokacin tara

Kamfani sun ce za su karɓi dangwale, in likita ya rubuta cewa ya fahimci abin da yake dangwalawa. Na tare likitan a baranda yana sauri. Ya tsaya, ya cire tabarau.

“Malama, ba zan iya rubuta cewa ya fahimta ba. Ba kuma zan iya rubuta cewa bai fahimta ba.”

Na ce ya zo ranar Asabar da yamma ya gani da idonsa. Ya ce bugun yatsa ba amincewa ba ne. Ya faɗa a hankali, kamar mai ba ni haƙuri, ni kuma na ji kamar in fizge tabaran in taka.

Alhamis ɗin, da yamma

Anti ta ja ni bakin famfon wanke kwanuka. Ta ce, “Auta, ke fa kin san yadda yake sa hannu. Tare kuka tashi. Wa zai sani?”

Na san hannunsa kuwa, har wutsiyar nan da yake ja a ƙarshe. Amma ni da bakina na gaya wa saurayin nan cewa yayana ko cokali ba ya iya riƙewa. Da na yi shiru ranar nan da yanzu an wuce wurin. Na faɗa wa Anti. Ta dube ni, ta ci gaba da wanke kofin da ta riga ta wanke.

Juma'a, da rana

Na sake kiran kamfani na tambaya ko matarsa za ta iya sa hannu a madadinsa. Ya ce sai da takardar kotu, ita kuma tana ɗaukar watanni. Na ce babu wata hanya? Ya ce, “Sai dai in… wato a dokance, idan ya kasance magada ne…”

Na kashe wayar.

Asabar, da yamma

Ya dawo, ya buga yatsa, ya yamutsa baki, ya tafi. Na ga kamar bai kai ƙarshen shirin ba yau. Anti ta ce ya kai.

Lahadi, da hantsi

Malamar tarihi ta ce in zo gidansu, mijinta lauya ne. Ya saurare ni yana ɓare lemo. Cikin labari na ce ai muryar ƙasan nan ma ba daga kan Yaya ta fito ba, ta Inna ce. In tana guga mu muna rera ta sama, ita kuma tana bi daga ƙasa da baki a rufe, ba ta ma san tana yi ba. Yaya ya kwashe ta tsaf ya zuba a takarda. Shi ya sa duk lokacin da yarana suka shigo da ita nake jin ƙamshin tufafi masu zafi.

Lauya ya ajiye lemon. Ya ce wannan magana ce babba. A irin wannan yarjejeniya mai tsari yana shaida cewa aikin nasa ne shi kaɗai. In aka nuna ba nasa ba ne, haƙƙin kamfanin ya girgiza, sharaɗin ma ya bi ruwa. Na ce to sai me? Ya ce sai dai fa ma'anarsa Yaya ya sayar da abin da ba nasa ba. Kuma ko an fara yau, ba za a gama kafin ƙarshen wata ba.

Na yi wautar faɗa wa Anti. Ta ce, “Mutum yana kwance, ki je ki ce ɓarawo ne?”

Ban ce zan je ba. Ban ma san me ya sa na faɗa mata ba. Muryar Inna a kan teburin guga, yanzu tana cikin durowar wasu mutane da ba su taɓa ganin ta ba, kuma ni 'yarta sai na nemi izini.

Litinin, bayan an tashi

Na ce bari in rubuta tawa muryar ƙasan, ai ni ma malamar kiɗa ce, ba a banza nake karɓar albashi ba. Na zauna gaban fiyano har masinja ya zo rufe tagogi. Duk inda na bi, layi biyu sai hannuna ya koma hanyar Yaya, kamar akuyar da ta san gida. Wadda na tilasta ta bambanta kuma ko ni ba zan so a rera mini ita ba. Shi kuwa da ya ji, da sauran gefen bakin ma ya motsa.

Talata

Yaya yana nan yadda yake. An ƙara masa wani bututu.

Laraba, da azahar

Na je ɗakin karatu na gari. Mai kula da wurin ta fito mini da tsohon littafin waƙoƙin da aka tattara tun kafin a haifi Inna, bangonsa yana zuba kamar gari. Ga waƙar nan, layi ɗaya, tsirara. Na yi hotonta na tura gidan rediyo. Kafin in kai bakin titi sun amsa: wannan ba ta bukatar lasisin kowa.

Na yi tunanin canja waƙa gaba ɗaya. Amma in ya ji wannan, ko ba komai zai san tamu ce. Haka na gaya wa kaina a mota, na kuma maimaita a ƙofar gida.

Alhamis, bayan an tashi

Na raba wa yara sabuwar takarda. Masu muryar ƙasa suka juya ta gaba da baya suna neman layinsu. Doguwar nan ta layin baya, wadda ƙawayenta ke kira Ganga saboda kaurin muryarta, ta ɗaga hannu. “Malama, mu ina namu?” Na ce kowa zai bi ta sama. Ta ce ba ta kai can. Na ce inda ba ta kai ba ta motsa baki kawai.

Ni na faɗi wannan. Ni da nake korar yarinya daga layi in na kama ta tana motsa baki.

Matsalar wuri ɗaya ce. Inda waƙar ta ce “ruwa ya sauka”, ta sama tana riƙe sauti mai tsawo, a nan ta ƙasa take shigowa a hankali ta tallafe ta. Yau duk lokacin da muka iso wurin sai masu muryar ƙasa su faɗa cikinta, ba da gangan ba. Ni ma sau biyu na tsinci bakina a ciki.

Asabar, da yamma

Ya makara wajen dawowa, sai da aka yi waƙar farko. Ban gaya masa abin da na yi wa waƙarsa ba. Na ce dai mako mai zuwa mu ne.

Muna yara in zai koya mini, ni ce ta ƙasa. Yana ɗaga ɗan yatsa in wurin ya zo, ni kuma kullum sai na makara. Ya ce, “Auta, sai an aiko miki da mota?” Har na girma na fara koyarwa bai daina ba, ko a waya na jinkirta amsa sai ya faɗa.

Litinin, bayan an tashi

Na samo dabara. In mun iso wurin sai in dunƙule hannu in danne leɓena da haƙori, su ma su yi haka. Mun maimaita har ba na iya ƙirgawa. Ya fara zama.

Talata, bayan an tashi

Ganga ta sake faɗawa ciki. Na daka mata tsawar da ban taɓa yi wa ɗalibi ba, na ce so take a kore mu daga gasar? Ta yi kuka ba sauti, hawaye kawai. Laifinta shi ne ta iya abin da na shekara biyu ina koya mata. Na so in ba ta haƙuri, na ga in na buɗe baki ni ma zan fara, sai na ce a koma daga farko.

Laraba

Ba wadda ta shigo da ta ƙasa yau. Cikin leɓena ya yi gyambo.

Juma'a, da la'asar

An ɗauka. Ɗaki mai sanyi, bango duk soso, yara sun yi tsit kamar ba su ba. Sau ɗaya muka yi, mai ɗaukar sauti ya ɗago babban yatsa ta bayan gilashi ya ce tsaf. Da aka sake kunna mana na ji wurin. Ta sama tana riƙe da sautinta ita kaɗai, ƙarƙashinta ba komai. Wanda bai sani ba ba zai ji an cire wani abu ba.

Shugaba ta ce na fitar da makaranta kunya.

Asabar, da magariba

Mu ne na uku a shirin. Ya dawo tun kiɗan buɗewa, har na ce yau da ƙarfinsa. Da mai gabatarwa ta ambaci makarantarmu Anti ta kama hannuna. Yara suka fara. Layin farko bai ƙare ba ya gane ta. Idonsa ya bar silin ya zo kaina, rabon da ya dube ni haka tun kafin ranar Talatar nan. Yatsan yana bugu. Bai yamutsa baki ba.

Suka iso “ruwa ya sauka”. Yatsan ya bar zanin gado ya tashi sama.

Ya tsaya a nan yana jira. Rediyon bai ba shi komai ba. Ni yake kallo, ina zaune kusa da shi har gwiwata tana taɓa gadon, na san layin nan fiye da sunana. Sai na ji haƙorina a kan leɓena, hannuna a dunƙule a cinyata. Na koya wa yara yin shiru a wurin, ashe ni na fi su koyo.

Ta sama ta gama riƙonta ta wuce. Yatsan ya ɗan ƙara jira, sannan ya sauka.

Na shigo daga baya. Na rera ta tun daga wurin har ƙarshe, a kan muryar mai gabatarwa tana karanta sunan makaranta ta gaba, mutumin gadon kusa yana kallona. Idon Yaya ya riga ya koma silin.

Anti ta ce ya ji.

Laraba

Ban je makaranta ba. Gidan Yaya cike yake da takalman masu ta'aziyya.

Asabar, da la'asar

Anti ta ba ni rediyon. Yana cikin jakata, ban kunna ba.

Litinin, lokacin tara

Yara sun zo na biyu. Ganga ce ta kawo mini labarin har ɗakin malamai, ta tsaya a ƙofa ba ta san ko ta yi murmushi ba.

Saurayin kamfani ya kira, ban san wa ya gaya masa ba. Ya yi mini gaisuwa da ladabinsa. Ya ce ba ya so ya dame ni a irin wannan lokaci, amma in har muna bukata, yanzu Anti za ta iya sa hannu, a yini ɗaya za su bayar.

Na ce na gode.